Botakirim ɗin cakulan yana narke mini a kan kek, ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina yin kek na sayarwa a gida a Zariya. Kek ɗin kansa alhamdu lillahi, amma botakirim na cakulan, wato kirim ɗin bota da ake yi wa kek kwalliya da shi, ya gagare ni. Bota nake haɗawa da Milo da sukarin da na niƙa a bilenda. Ba ya yin duhu, ana jin sukarin kamar yashi a baki, kuma kafin a kai wa mai shi duk kwalliyar ta kwanta. Da na ƙara sukari don ya yi ƙarfi sai zaƙi ya hana a ci.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a sana'a. Matsala uku kika kawo, biyu kayan haɗi ne suka jawo su, kuma yau ɗin nan za ki iya gyara su. Ta ukun ce take buƙatar natsuwa.

Ki fara ajiye Milo. Abin sha ne mai daɗi, amma madara da sukari da malt sun cika shi, ainihin kokon da ke ciki bai kai ya ba ki launi ba. Abin da za ki tambaya a shagon kayan kek shi ne hodar koko zalla, wadda ake yi da 'ya'yan itacen da ake nomawa a Ondo da Kuros Riba da ƙasar Ghana. Ki lasa kaɗan: idan da ɗaci, ita ce. Iri biyu ce. Akwai mai hasken ƙasa-ƙasa da ɗan tsami, akwai wadda aka sarrafa da sinadarin da ke kashe tsamin, dabarar da mutanen Holan suka fito da ita tun ƙarni na 19. Ta biyun ta fi duhu da laushin ɗanɗano, ita nake zaɓa wa botakirim.

Yashin da ake ji a baki kuwa, sukari ba ya narkewa a cikin mai, sai a ruwa, ruwan da ke cikin bota kuma kaɗan ne. Yadda ƙwayar sukari ta shiga kwano haka za ta isa harshen mai ci. Bilendar gida ba ta kai shi laushin da ake so, ko kin daɗe kina niƙa. Ki sayi aisin suga na kwali, mai laushi kamar hoda, ki tankaɗe shi a rariya mai ƙananan idanu kafin ki taɓa komai.

Ga ma'aunin da nake aiki da shi, yana isar ƙananan kek na kofi 12 zuwa 15, ko kek mai faɗin inci 8 hawa biyu: bota giram 250, aisin suga giram 400, hodar koko giram 60, madara babban cokali 5, filebon banila ƙaramin cokali 1, sai gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Kar ki raina gishirin nan, shi ke karya zaƙi ya fito da ɗanɗanon cakulan. Idan botarki mai gishiri ce, ki bar shi.

Ki ɗora madarar ta yi zafi, ki juye a kan hodar kokon, ki dama har ya zama kwaɓi mai sheƙi kamar kullin lalle. Zafin ne ke buɗe ƙanshin koko ya kashe gudaji. Sai ki ajiye ya huce sarai, ko ɗumi kar ya rage. Ki buga botar ita kaɗai da miksa minti 5, har ta yi fari-fari ta tashi. Wannan bugun farko mutane suke tsallakewa, alhali shi ke shigar da iskar da take sa kirim ya yi sakayau a baki. Daga nan ki riƙa zuba sukarin kashi uku, miksa a hankali, ki kawo kwaɓin kokon da banila da gishiri, ki ƙara bugu minti 2. A ƙarshe ki kashe miksar, ki ɗauki cokalin katako ki riƙa danna shi a jikin kwano don manyan kumfar iska su fita. Idan kin ga launin bai kai yadda kike so ba, ki rufe ki ba shi 'yan sa'o'i, yana ƙara duhu da kansa.

To, sai maganar narkewa, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarki, don na san zafin a yi aikin dare guda a wayi gari fure ya zama taɓo. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35. Waɗanda suka fito da wannan kirim a ƙasashen sanyi, kicin ɗinsu bai cika wuce digiri 20 da ɗan wani abu ba. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yana taɓa 40, ga murhu a gefe. Shi ya sa umarnin nan na a bar bota a waje ta yi laushi yake cutar da mu. A bazara minti 15 zuwa 20 ya ishe ta bayan fitowa daga firij. Ki danna ta da yatsa: ya kamata ta lotsa, ta bar shaidar yatsan, amma har yanzu da sanyinta, ba ta maiƙo. Idan tana sheƙi ta lafe a hannu, ta wuce, ki mayar da ita. A hunturu kuma abin juyawa yake, sai ta ƙi laushi, kirim ya rabu ya yi gudaji-gudaji kamar kindirmon da ya tsinke. Nan sai ki ɗora gindin kwanon a ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi ki ci gaba da bugu, zai haɗe.

Ƙarin sukari ba ya maganin man da ya narke. Duk lokacin da kirim ya saki, ki saka kwanon a firij minti 15, ki fito ki sake bugawa.

Ki duba abin da kike kira bota ma. Ta ainihi daga madarar shanu take, mai a cikinta ya kai kashi 80 cikin 100. Yawancinmu majarin muke saye, kuma babu laifi, irin na gashi mai tauri kamar Simas ya fi jure zafinmu. Wanda za ki guje wa shi ne mai laushi na shafa wa burodi, ruwa ya yi masa yawa. Ga odar rana a bazara, ni nakan raba: rabi bota saboda ɗanɗano, rabi farin man nan mai tauri da ake kira shotinin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya zarce digiri 40. Ban son a wuce rabi, don tunda zafin baki bai isa ya narkar da shi ba, yana barin maiƙo a dasashi, kuma mai ci zai gane. Idan kina da hali, ki narka baƙin cakulan giram 100, ya huce, ki zuba a ƙarshe. Yana ƙara wa kirim jiki, ɗanɗanon kuma ba a magana.

Kek ɗin ya huce gaba ɗaya kafin ki shafa, gara ma ki gasa da daddare ki yi kwalliya da asuba lokacin da gari ke da sanyi. Ki fara da shafa siririya wadda za ta kame ɓurɓushi, firij minti 20, sannan ta biyu. Tafin hannunki ma wuta ne ga ledar kwalliya, wadda ake zuba kirim a ciki ana matsawa, don haka ki cika leda biyu, ɗaya a hannu ɗaya a firij, kina musanyawa. Da kin ga bakin furen ya fara rasa kaifi, lokacin musanya ya yi.

Kafin a zo ɗauka, kek ya samu sa'a guda a firij cikin kwalinsa. Idan an ɗauke wuta, kula mai ƙanƙara tana yin aikin, ki dai sa leda tsakani kar ruwa ya jiƙa kwalin. Ki gaya wa mai ɗauka ya ajiye a ƙasa cikin mota, wurin ajiye ƙafa, ba a cinya ba, ba kusa da gilashi ba. Ragowar kirim kuma yana mako guda a firij cikin roba mai murfi. In za ki yi amfani da shi, ki bari ya saki kaɗan ki sake bugawa.