Amsoshin Tambayoyinku: Sandar Nan da Ke Tsakanin Sunaye Biyu

Wata ɗaliba daga Gwagwalada ta rubuto hankali a tashe. Ta sa Debian (wani tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta) a kwamfutarta, sai ta ga wani kunshi na manhaja yana neman "unrar-free | unrar". Tana tsoron an cusa mata manhaja marar 'yanci, wato wadda lasisinta ya taƙaita gyara ta ko rarraba ta.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Sandar nan tana nufin ɗayan biyun ya wadatar. Dokar Debian ta hana kunshin da ke sashen main (babban sashen manhajoji masu 'yanci) dogara da abin da ke wajensa, sai in an jero shi a matsayin zaɓi na biyu, bayan mai 'yanci. Na farkon apt (manhajar da ke saka kunshi) ke ɗauka, muddin ba ki riga kin sa ɗayan da hannunki ba. Kunshin da ba ya motsi sam sai da marar 'yanci kuwa, sashen contrib ake kai shi. Ki dai sani wasu fayilolin RAR (matsattsun fayilolin da waɗannan manhajoji biyu ke buɗewa) kan ƙi buɗuwa da unrar-free. In hakan ta faru, kina iya kunna sashen non-free ki ɗauki unrar, da saninki.

Wani malami a Nyanya yana tambaya ko Wi-Fi zai yi aiki da Debian a laptop na hannu da zai saya. Tun Debian 12 da ta fito a Yunin 2023, ana haɗa firmware (ƙaramar manhajar da sassa irin su Wi-Fi ke bukata) marar 'yanci a cikin faifan sakawa. Malam, ka tafi shago da filashinka mai Debian a ciki, ka gwada a gaban mai kayan kafin ka zaro ko naira ɗaya.

Sai mai cewa: "Wannan wahala ta mece ce, tunda a Wuse za a sa mini Windows da Office na kirak (wanda aka karya lasisinsa) da kuɗi kaɗan?"

Haba ɗan'uwa! Yarinyar can tana bin diddigin suna ɗaya, kai kana miƙa kuɗinka a zuba maka abin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba. Kafin a sa kirak, sau da yawa sai an kashe rigakafin kwamfutar. A nan kuma za ka buɗe asusun bankinka, a nan takardun masu kawo maka aiki suke. Ranar da ta fara nauyi, ka koma shago ka sake biya a goge ta, fayilolinka su bi ruwa. Wannan ba araha ba ce, asara ce.

LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. In aikinka dole sai Office, sayi lasisi na gaske, ka karɓi rasiti.