Amsa ga mai laulayi da ɗan shekara 3

Sannu 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Kin ce an hana ki aiki saboda cikin, ga yaro ɗan shekara 3 yana yini ba abin da yake koya.

Hankalin ɗan wannan shekaru ba ya daɗewa a kan abu ɗaya, don haka minti 10 sau uku a rana ya isa. Ki kwanta ta gefen hagu, a ajiye masa faranti da cokula da murafen kwano ya ƙirga, daga 1 zuwa 5 tukuna. Idan ya haddace lambobi ba ya taɓa abin, baki ne kawai ke aiki. Ki sa ya ɗora yatsa kan kowane ɗaya. Kada ki ba shi wake ko gyaɗa, yara kan cusa su a hanci.

In an kwaso wanki, ya ware fari daga ja. Da dare ki ba shi labarin macijin rijiyar Kusugu, ki tsaya a tsakiya ki ce, “To sai me ya faru?”

Kada ki ɗauke shi cak, ya hau gado da kansa. In kin ga jini ko ciwon kai mai tsanani, asibiti kai tsaye.