Katin Awo Bai San Fuskar Mai Ciki Ba

Kin ce an sa sunanki a horon nan na riƙe mai ciki tun daga awon farko har ta yi arba'in, ungozoma guda ko 'yan ƙalilan da ta saba da su, kina tambaya wai ina amfaninsa tunda komai na rubuce a katin awo. 'Yata, kin fama mini tsohon miki.

Akwai wata yarinya mai cikin fari da nake aunawa tun cikin bai fito ba. In an yi mata awon hawan jini, kullum ƙasa yake, 90 bisa 60. Ga kunya, sai na sallami kowa take buɗe baki. A wata na takwas na ga zobenta ya nutse a yatsa, silifas ɗin mijinta ma ta sako don nata ya daina shiga. Na ce ta dawo cikin makon, na rubuta da jan biro. Sai shugabarmu, wadda ba abin da ta sani sai jadawalin aiki, ta ɗauke ni ta kai wani ɓangare, wai dole kowa ya zagaya. Na roƙe ta ta bari matana su sauka tukuna, ta ce asibiti ba gidan ubana ba ne.

Yarinyar ta zo da daddare tana ciwon kai. Wadda ke bakin aiki ta auna ta ga 135 bisa 85, ba ta san nata 90 bisa 60 ne ba, ta ce lafiya lau, ta miƙa mata farasitamol, ko fitsari ba ta gwada ba. Ita kuwa ta kasa gaya wa baƙuwar fuska cewa dishi-dishi take gani. Da asuba aka kawo ta a a-daidaita-sahu tana jijjiga, ta taune harshe. Allurar magnesiyam ta ceto uwar da ƙyar, ɗan kuwa, namiji, bai zo da rai ba. Jan birona na nan a katin, ba wanda ya juya shafin. Har yau in muka haɗu da matar nan wajen biki, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Auna ciki da sauraren bugun zuciyar ɗa kam, in ba ki iya ba ki koma makaranta. Mai wuyar ita ce ki ba da lambarki a tashe ki ƙarfe 2 na dare, ki bi mai jego har gida, ki tarar da kunun kanwa da tafasasshen ruwan wanka, ki san yadda za ki shawo kan uwar miji ba tare da ta ji an raina ta ba. Ku 'yan yanzu lokacin tashi na yi kun rataya jaka, waya na hannu amma ta TikTok ce.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awo ya kai sau 8, ta kuma yarda da tsarin nan na ungozoma ta riƙe mai ciki har ƙarshe, inda aikin ungozoma ya zauna da gindinsa. Ki lura da sharaɗin. Ingila ma ta rungume shi a 2016, amma a 2022 rahoton Ockenden, wato binciken da ungozoma Donna Ockenden ta jagoranta kan kula da masu haihuwa a wasu asibitocin ƙasar, ya ce a dakata duk inda ma'aikata ba su wadata ba. Don haka kada ki je ki ci shinkafar taro ki karɓo takardar shaida ki dawo. Ki tambaye su mata nawa za a ɗora miki, wa zai karɓe ki ranar hutunki, kuma ko matan za su san fuskarta kafin naƙuda ta kama. In suka yi ta kame-kame, ki zo ki same ni.