Sukar ƴan ƙwallo da masu horar da su: ina sharhi ya tsaya, ina giba ta fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a Unguwar Rogo cikin garin Jos, kuma sana'ata gidan kallon ƙwallo. Da zarar an tashi wasa sai gardama ta kaure. Wannan ya ce ɗan wasa wane ya ƙare, wancan ya ce koci bai iya canji ba a kore shi, wani ya rantse an saye rafari. Wani lokaci har a kai ga ashar da gori. Wani ɗan'uwa ya ce mana duk giba muke yi, domin waɗanda muke magana a kansu ba sa wurin. Shin haka ne? Idan ɗan wasan ba Musulmi ba ne fa? Ni da nake karɓar kuɗin shiga, ina da kason laifi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da ake faɗa a ƙarƙashin rufinka. Ɗan'uwan da ya yi muku nasiha ya dace a wani ɓangare, amma ya faɗaɗa hukuncin fiye da inda ya kai. Auna aikin da mutum ya yi a bainar jama'a halas ne idan an yi da gaskiya da adalci. Taɓa mutuncinsa, ko halittarsa, ko iyayensa, ko jingina masa laifin da ba a tabbatar ba, haram ne, ko da sunan ƙwallo aka fake.

Manzon Allah (SAW) da kansa ya fayyace giba a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito: ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Aka ce, idan abin yana tare da shi fa? Ya ce idan yana tare da shi ka yi gibarsa, idan kuma babu ka yi masa ƙage. A nan mai lura zai ce: ai babu ɗan wasan da yake son a ce bai taka rawar gani ba. Gaskiya ne. Amma ɗan wasa ya fito da aikinsa fili ne domin a kalla a auna, kuma da wannan kallon ake biyan shi albashi. Shi da kulob ɗinsa sun shiga sana'ar suna sane da cewa za a yaba kuma za a kushe, malaman fiƙihu kuwa suna cewa abin da al'ada ta tabbatar kamar an sharɗanta shi ne. Wanda ya ce ɗan wasan gaba ya ɓarar da dama uku, ko mai tsaron gida ya baro raga ba a kan lokaci ba, bai tona wani asiri ba. Ya faɗi abin da duk wanda ke wurin ya gani. Kamar ka ce tela wane ɗinkinsa ya karkace a kafaɗa ne, rigar tana hannunka kowa yana gani. Auna cancanta kuma yana da asali, domin Annabi (SAW) ya gaya wa Abu Zarr, duk da girmansa, cewa shi mai rauni ne a sha'anin shugabanci, ya hana shi.

Saboda haka babu laifi a ce koci ya makara wajen canji, ya bar ɗan baya da ya gaji har minti na 80 alhali ta gefensa ake ta shigowa. Babu laifi a ce tsarin ƴan baya uku bai dace da ƴan wasan da yake da su ba, ko shugabannin kulob sun kashe kuɗi a kan ɗan wasan da ba a buƙata, ko ma a ce ya kamata a sallami kocin. Kulob irin Plateau United da gwamnatin jiha take ɗauke da nauyinsa, mutanen jihar suna da haƙƙin tambayar yadda ake tafiyar da shi, su yaba kamar yadda suka yaba a 2017 da ya lashe gasar Firimiyar Najeriya, su kuma yi gyara idan sun ga gazawa.

Sai dai halascin yana da ƙaida. Dole ka san abin da kake faɗa, saboda Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da saninsa. Wanda bai kalli wasa ba, ya ga guntun bidiyo na daƙiƙa talatin, sannan ya yanke wa mutum hukuncin minti casa'in, ya yi magana ba da ilimi ba. Dole kuma ka yi adalci ko ga abokin hamayya. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya sa a bar adalci, kuma an saukar da ita a kan ƙiyayyar da ta fi ta Madrid da Barcelona nesa ba kusa ba. Mai goyon baya da ya ga fenareti sarai ya musa don kulob ɗinsa aka yi wa, ƙarya ya yi, ƙaramar ƙarya ce amma ana rubuta ta.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne tsallakawa daga ƙafar ɗan wasa zuwa jikinsa da gidansa. Da an ce "bai iya ba", sai a ƙara da "dubi kansa", "baƙi mummuna", "ɗan iska", a sako uwa da uba. Wannan ba sharhi ba ne ko kaɗan. Uwar Muminai A'isha ta yi nuni da gajartar Safiyya kawai, Annabi (SAW) ya ce mata ta faɗi kalmar da in an cuɗa ta da ruwan teku sai ta gurɓata shi. Da Abu Zarr ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Ya kuma ce zagin Musulmi fasiƙanci ne. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, don haka sunan da aka laƙaba wa ɗan wasa don a wulaƙanta shi ya shiga ciki, saɓanin laƙabin yabo da shi ma yake alfahari da shi.

Kada wani ya ce ai ba zai ji ba. Giba daman a bayan ido ake yin ta, kuma a zamanin nan suna ji. Bayan Tunisiya ta fitar da Najeriya daga gasar kofin Afirka da ci ɗaya a Garwa cikin Janairun 2022, an yi wa mai tsaron gida Maduka Okoye ruwan zagi har da barazana ga rayuwarsa. Bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kodebuwa ta ci Najeriya 2-1 a Fabrairun 2024, an matsa wa Alex Iwobi har ya kwashe hotunansa daga Instagram, sai da Ahmed Musa, ɗan garin nan, ya fito ya roƙi jama'a su daina. Kowane ɗaya daga masu zagin yana ganin layi ɗaya kawai ya rubuta. Abin ya fi muni idan ɗan wasan gida ne, wanda wataƙila sahu ɗaya kuke bi a masallaci, mahaifiyarsa kuma tana jin abin da ake faɗa a kasuwa.

Batun "an saye rafari" ko "ɗan wasa ya sayar da wasa" ya fi zagi nauyi, domin tuhuma ce da cin hanci da cin amana. Kana iya cewa alƙalin wasa ya yi kuskure, ba satar gida ba ce, jan katin ya yi tsauri, domin wannan hukuncinsa kake aunawa. Amma da ka ce an ba shi kuɗi ka shiga da'awa, mai da'awa kuwa shi ke kawo hujja. Idan hukumar wasa ko kotu ta tabbatar da laifin, ba da labarinsa yadda yake ba laifi ba ne. Idan jita-jita ce, Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji, kuma mai tura saƙo gaba abokin tarayyar mai ƙirƙira ne. Haka labaran da ake yaɗawa a kan matan ƴan wasa da zaman aurensu. Wasu ma suna kaiwa ga ƙazafin zina, wanda Suratun Nur ta sanya wa bulala 80.

Game da wanda ba Musulmi ba, ayar giba ta Suratul Hujurat ta ambaci ɗan'uwa, shi ya sa malamai suka yi maganganu a kan ko sunan giba ya hau kansa, kuma da yawa sun hana cin naman kafirin amana. Amma ƙarya da ƙage da ashar da zalunci haramun ne a kan kowa, babu saɓani a nan. Mumini ba mai yawan suka ba ne, ba mai tsinuwa ba ne, ba mai batsa ba ne, kamar yadda ya zo a hadisin Tirmizi. Ina ƙara jan hankali saboda garin da kake. A Jos, benci ɗaya yakan haɗa Musulmi da Kirista a gidan kallo, kuma wannan zama ne da ya kamata a tsare. Duk wanda ya sako addinin ɗan wasa ko ƙabilarsa cikin gardamar ƙwallo, a tsayar da shi nan take, domin ƙaramar magana irin wannan ba a san inda za ta tsaya ba.

Zolaya tsakanin magoya baya halas ce matuƙar babu ƙarya, babu gori, kuma wanda ake zolaya yana dariya. Da fuskarsa ta canja, a bari. Gaba a kan kulob kuwa haramun ce, ba ya halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Wanda cin kulob ɗinsa yake hana shi barci ya tuna taguwar Annabi (SAW), Adba'u, wadda ba a taɓa tsere mata ba, har wani balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, shi kuwa ya ce haƙƙi ne a kan Allah babu abin da zai ɗaukaka a duniya face ya sauke shi. Fushin da ba a kama ba shi ya sa magoya baya suka afka filin wasa na Moshood Abiola a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, bayan kunnen doki 1-1 da Ghana ya hana Najeriya zuwa kofin duniya, suka lalata kayan da dukiyar jama'a ce, FIFA kuma ta ci tarar ƙasar. Wanda ya ɓarnata irin wannan, biyan sa yana wuyansa.

Akwai abubuwa biyu da ba ka tambaya ba amma suna tafe da wannan gardama. Rantsuwa: wanda ya ce "wallahi sai mun ci" da nufin rantsuwa, aka kuma cinye su, kaffara ta hau kansa a mazhabar Malikiyya, domin rantsuwa ce a kan abin da zai zo. Zai ciyar da miskinai goma, kowanne mudun Annabi na abincin da ake ci a garin, ko ya tufatar da su. Sai idan ba shi da hali ne zai yi azumin kwana uku. Wanda ya rataya sakin matarsa a kan sakamakon wasa kuwa ya yi wasa da wuta, domin a wurin mafi yawan malamai sakin yana aukuwa idan sharaɗin ya cika, sai ya je gaban malami ko alƙali da ainihin lafazin da ya furta. Sai caca, wadda ita ce tushen mafi yawan zagin nan, saboda mai kuka da cewa wane ya yanka masa tikiti ba ƙwallon ce ta dame shi ba, kuɗinsa ne. Aya ta 90 ta Ma'ida ta haramta ta, kuma babu bambanci tsakanin ta kamfani a waya da ta abokai biyu da suka ce wanda aka ci shi zai biya shayi. Idan mutum ɗaya ne ya yi alƙawarin kyauta, ɗayan bai sa komai ba, wannan ba caca ba ce.

Kai kuma mai gidan kallo, kuɗin da kake karɓa halas ne a wurin malaman da suka halatta kallon ƙwallo, kuma ba a ɗora maka zunubin bakin wani. Abin da ke kanka shi ne hana abin da kake da ikon hanawa, tunda wurin naka ne. Ka rubuta doka a bakin ƙofa cewa babu ashar, babu gori da iyaye ko addini ko ƙabila, babu caca. Wanda ya karya a yi masa gargaɗi, idan ya sake a mayar masa da kuɗinsa ya fita. Mayar da kuɗin yana kashe rigima. Kada ka ba wakilin kamfanin caca wuri ko wuta ko ka liƙa tallarsa, wannan taimako ne a kan saɓo kuma kuɗinsa ba halas ba ne. Ka lura da lokaci: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, wasan Ingila na ƙarfe uku yana faɗowa ƙarfe huɗu a nan, na biyar da rabi kuma shida da rabi, wato kan La'asar da Magariba. Ka tanadi buta da ruwa da tabarma, ka rage murya idan ana kiran salla, kuma kada a bar Magariba ta jira a tashi wasa, lokacinta ƙurarre ne.

Wanda ya riga ya zagi wani ko ya yi masa ƙage, ya tuba, ya goge abin da ya rubuta, ya kuma janye maganar a gaban waɗanda ya faɗa wa. Idan yana iya kaiwa ga wanda ya zalunta ba tare da tayar da wata fitina ba, ya nemi yafiyarsa. Idan ba zai iya ba, ya nema masa gafara in Musulmi ne, ko shiriya in ba Musulmi ba ne, ya kuma ambace shi da alherin da ya sani a wurin da ya ɓata shi.

Allah ne mafi sani.