Amsoshin Tambayoyinku: Bayan An Tsakuro Nama Daga Ƙarin Ƙoda

Wata baiwar Allah daga Gusau ta rubuto: "An ga ƙari a ƙodar maigidana, likita a Sakkwato ya ce za su sa allura su ɗebo ɗan nama a auna. Kuɗin hannunmu sun yi ƙasa. Idan an gama da safe, za mu iya kama motar gida da yamma don mu huta da kuɗin masauki?"

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Kwantar da hankalinki, aikin ba tiyata ba ne. Za a kashe masa wurin da allura, a duba da na'urar hoto, a zira siririyar allura ta baya a tsakuro naman. Yawancin mutane suna tashi lafiya lau. Amma ƙoda gaɓa ce mai jini da yawa, abin da ake tsoro kuwa shi ne ta ci gaba da tsiyaya a ciki inda ido ba ya gani. Shi ya sa za ki ga an kwantar da shi rigingine na wasu awanni, ma'aikaciyar jinya tana zuwa tana auna jininsa da bugun zuciya, tana cewa a ajiye mata fitsarin ta gani. Mafi yawan zubar jini mai haɗari yana bayyana ne cikin awa 24 na farko. To ina amfanin awannin nan su same ku a kan hanya, mota tana faɗawa ramuka, ga dare? Ko an sallame ku, ku kwana a garin, ko a gidan ɗan'uwa ne, inda adaidaita zai mayar da ku asibitin cikin 'yan mintuna. Idan za a rage wani kuɗi, a rage na lemo da madarar gwangwani.

Ki sa ido a kan fitsarinsa. Ya ɗan yi ja-ja a ranar farko ya riƙa washewa, wannan ana gani. Idan kuwa ya yi jawur, ko gudajin jini suka fito, ko ya matsu amma fitsarin ya ƙi zuwa, ko kwiɓinsa ya ɗauki ciwo mai ƙaruwa, ko jiri ya ɗebe shi da ya miƙe, ko zazzaɓi ya rufe shi, ku koma nan take. Kada ku jira gari ya waye.

Wani malamin makaranta daga Katsina yana tambaya ko ya sayi na'urar awon hawan jini saboda mahaifinsa da za a yi wa wannan aikin, kuma wace iri.

Malam, idan Baba yana da hawan jini dama, ka saya, za ta yi muku amfani har gaba. Ka ɗauki wadda ake ɗaurawa a dantse, ka bar ta wuyan hannu. Ka saye ta a babban kantin magani, ka kai ta asibiti a gwada da tasu a gabanka. Idan lambar sama ta sauka ƙasa da 100, ko bugun zuciya ya haura 100 ga shi yana jiri, asibiti za ku nufa. Idan kuwa don kwana biyun nan ne kawai, ka ari ta maƙwabci.

Sai wani direba daga Funtuwa: "An yi mini shekaranjiya, bayana yana ciwo. Mai kemis ɗin unguwarmu ya haɗa mini magani kala huɗu a leda. In sha?"

Kada ka sha. Ka ajiye ledar nan. A nan zan tsaya, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka san abin da ke cikin ledar? Ba ka sani ba. An ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu, babu suna, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC. Irin wannan haɗin na "maganin gajiya" da wuya a rasa diklofenak ko ibufurofen ko firosikam a cikinsa, wani lokaci biyu a tare. Waɗannan da asfirin suna hana jini daskarewa da wuri, kuma suna wahalar da ƙoda. Kai kuma ƙodarka tana da sabon rauni da take ƙoƙarin toshewa. Har garin Alabukun da mutanenmu suke kaɗawa a ruwa, asfirin ne a cikinsa, a rubuce yake a jikin takardar.

Na taɓa jinyar wani dattijo da aka yi wa wannan aikin, aka sallame shi lafiya ƙalau. Kwana uku aka dawo da shi a bayan mota, leɓensa fari fat, ɗansa yana riƙe da robar fitsari kamar an zuba zoɓo. Da muka bincika aljihun rigarsa, ƙullin leda ne guda biyu daga kemis. Sai da aka yi masa ƙarin jini, 'ya'yansa suna yawon neman mai bayarwa da tsakar dare. Kuɗin da suka kashe a daren nan ya ninka na ledar sau ɗaruruwa. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma har yau ina tuna idon yaron nan.

Farasitamol ya ishe ka, a kan adadin da likita ya rubuta, kuma a cikin kwalinsa. Idan bai kwantar da ciwon ba, wannan ma labari ne da likitanka yake bukatar ji. Haka masu lasifika a tasha da jarkokin "wankin ƙoda": ƙodar da aka huda da allura ba ta bukatar tsimin da ba a san abin da aka jiƙa a ciki ba. Wanda kuma yake shan maganin tsinka jini irin su wafarin tun da farko, likitan da ya ce a dakata shi ne zai ce a koma. Tuƙin doguwar hanya da ɗaga kaya, ka haƙura da su mako ɗaya zuwa biyu. Idan ruku'u da sujada suna ja maka wurin, ka yi sallarka a zaune.

Wani ya aiko yana cewa an gaya masa allurar tana "tayar da" ciwon daji, don haka gara ya sayi ɗamarar maganaɗisu da ya gani a Facebook. Haba Malam! Yaɗuwar ciwo ta hanyar allurar abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Ɗamara kuwa ba ta taɓa narkar da ƙari ba. Ka koma wurin likitanka.

Ta ƙarshe, wata Hajiya daga Zariya: kwana tara da ɗebo mata naman ba sakamako, ba ta barci, tana so ta biya a sake yi mata hoton cikin jiki na CT a wani wurin.

Hajiya, na san nauyin wannan jira. Amma sabon hoto ba zai faɗa miki abin da naman zai faɗa ba, kuɗinki kawai zai ci. Sakamakon yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya ɗara. Ki sani kuma, a cikin ƙananan ƙari waɗanda ba su kai santimita 4 ba, kusan ɗaya cikin biyar ba ciwon daji ba ne. Wani lokaci naman da aka ɗebo bai isa ba, sai a ce a sake, wannan ba alamar mugun labari ba ce. Ki tura ɗanki ɗakin gwaje-gwajen da katinki da rasit ya bi sawu. Ranar karɓa kuma ku tafi tare, ya riƙe biro da takarda ya rubuta abin da likita ya ce.