Gaton da Ya Tashi Ya Lotsa

Ɗana, ka ce ƙungiyar matasan unguwarku ta ba ka aikin ƙananan gato guda 60, irin na cikin takarda da 'yan Najeriya ke kira kof-kek. Guda 40 za su tafi da su Lagdo ranar Asabar, 20 kuma za a raba wa masu sharar kasuwa. Ka gwada tire biyu, ka juye musu sashe guda, wato ƙaramin fakiti, na garin tashi, suka kumbura gwanin sha'awa a cikin obin. Da ka fito da su sai tsakiya ta lotsa, takarda ta saki jiki, kirim ɗin da ka ɗora kuma ya narke kafin la'asar. Kana tambaya ko fulawar ce ba ta da kyau.

Ƙyale fulawa, ba ta yi maka komai ba. Abu biyu suka kayar da kai: awo da zafin garinku Garwa ta Kamaru.

Mu fara da garin tashin. A shagunanmu abu biyu ake kira levure, kuma masu koyo da yawa sun sha kunya a nan. Akwai yis na burodi, wanda sai an bar ƙullu ya kumbura, akwai kuma farin gari da ake rubuta levure chimique a jikinsa, wato bekin foda. Na biyun ne namu. Sashe ɗaya yawanci giram 11 ne, kuma na fulawa giram 500 aka yi shi. Kai ka zuba shi duka a fulawar da ba ta kai rabin haka ba. Iska ta yi wa ƙullun yawa, ƙananan kumfan da ke ciki suka haɗe suka zama manya, suka ɗaga shi sama kafin ƙwai da fulawa su kama jiki. Tsakiyar gato ba ta tsayuwa da ƙafarta sai zafin cikinta ya haura digiri 80. Idan kumfan suka fashe kafin nan, ba abin da zai riƙe rufin, sai ya faɗa ciki. Ka ɗanɗana wanda ya lotsa ɗin, za ka ji wani ɗaci-ɗaci kamar na kanwa a bayan harshe. Shaidar ke nan.

An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. A tuwo haka ne, a gato kuwa sikeli ne mai magana. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce wadda Faransawa ke kira quatre-quarts, wato kashi huɗu daidai wa daida: ƙwai, sukari, bota da fulawa, nauyinsu ɗaya. Ƙwai ake fara aunawa, bayan an fasa, sauran su bi shi. Kada ka ƙirga ƙwai da guda, domin na gidan gona ya kai giram 50 ba ɓawo, na kajin gida da na zabi kuwa ba su kusa da haka. Tire mai rami 12 yana son giram 110 na kowanne, da madara cokali biyu na cin abinci. An ce maka 60, kai ka yi tire shida, 72, saboda ba a rasa wanda zai ƙone a lungun obin ko ya karkace. Ka ga ke nan giram 660 na kowanne, da garin tashi sashe ɗaya da rabi. Ka zuba garin tashin a fulawar gaba ɗaya, ka tankaɗe sau uku, sannan ka raba ta kashi-kashi. Ya fi ka tsaya auna giram 3 kowane tire. In botarka mai gishiri ce kada ka ƙara gishiri.

Kafin ka zuba, gwada garin. Rabin cokalin shayi a ruwan zafi: in ya yi kumfa nan take da ransa, in ya kwanta shiru ya sha iska a shago, jefar da shi.

Yanzu zafi, nan ne aikin yake. Abin da ke sa gato laushi iskar da ake kamawa ce lokacin buga bota da sukari. Ƙwayoyin sukari suna yanka ƙananan ramuka a jikin botar, ita kuma ta riƙe su. Ba ta riƙewa sai tana da ɗan tauri, yadda in ka danna yatsa zai shiga ya bar rami amma ba zai fito da maiƙo yana sheƙi ba. Bota na narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, Garwa kuwa a watan Maris da Afirilu tana wuce 40 a inuwa. Kenan botar da ta wuni a kan tebur ta riga ta mutu kafin ka ɗauki maburgi. Ko awa ɗaya ka yi kana bugu, mai ne kawai kake juyawa. Saboda haka a bazara aikin gato na asuba ne, daga an sallame salla zuwa hantsi. Ka ajiye botar a firji, ka fito da ita minti 10 kafin aiki. In wuta ta ɗauke, sa ta a leda ka ɗaure, ta kwana cikin randa. Kwanon bugun ma ka ɗora shi cikin wani babba mai ruwan sanyi. Bugu minti 4 zuwa 5 da inji, da hannu ya fi haka, har launin ya koma fari-fari, ya yi sauƙi a cokali. In sukarin mai manyan ƙwayoyi ne, ɗan daka shi a turmi, amma kada ya zama gari.

Ƙwai kaɗan-kaɗan ake zubawa, kashi uku, ana bugawa a tsakani. Idan ka ga ƙullun ya tsinke kamar nono ya yi gudaji, kada hankalinka ya tashi, jefa cokali ɗaya na fulawa ka ci gaba. Da fulawa ta shiga kuwa, bugu ya ƙare. Da cokalin katako za ka riƙa naɗowa daga ƙasa zuwa sama, kana daina ganin farin gari ka tsaya. Wanda ya ci gaba da juyi yana tayar da danƙon alkama, gatonsa ya fito da tsini da dogayen ramuka a ciki, ana taunawa kamar burodi.

In har ba ka da hanyar sanyaya bota, bar ta, koma wa mai. Man auduga na Diamaor da kamfanin Sodecoton ke yi ba shi da ƙamshin da zai danne na gato. A madadin bota giram 110 ka sa mai mililita 90, sai dai tsarin ya canza: ƙwai da sukari za ka buga har su yi fari su yi kauri, sannan ka tsiyaya man siriri-siriri kana bugawa. Ɗanɗanon bai kai na bota ba, gaskiya ɗaya ce, amma ya fi jure zafi kuma yana kwana biyu da laushinsa. Don tafiya irin ta Lagdo ni shi na fi so.

Kada ka kwaɓa na tire shida lokaci guda alhali obin ɗinka tire biyu yake ci. Garin tashi na fara aiki da ya taɓa ruwa, zafi kuma na ƙara masa sauri. Ƙullun da ya yi minti 40 yana jiran layi ya riga ya saki rabin ƙarfinsa a kwano. Kwaɓa daidai abin da zai shiga wuta yanzu. Kowace takarda kashi biyu cikin uku za ka cika, wajen giram 40. Wanda aka cika taf yana tumbatsa ya kwanta a bakin tire, tsakiyarsa kuma ta faɗa.

Obin ya yi minti 15 yana zafi kafin komai ya shiga. Digiri 180 ake so. In naka mai lamba 1 zuwa 9 ne irin na Faransa, kowace lamba digiri 30 ce, ka sa a 6. Na gas ɗin da maƙera ke haɗawa ba lamba gare shi ba, sai ka watsa cokalin fulawa a faranti ka sa ciki: in a minti 5 ta yi launin zuma, wutar ta yi daidai, in ta yi baƙi rage, in tana nan fara ƙara. Gashi minti 18 zuwa 20 ne, kuma minti 15 na farko hannunka bai da abin yi da ƙofa. Leƙe ɗaya iska mai sanyi ta shiga, gaton da bai kama jiki ba ya zauna, ba ya kuma sake tashi. Bayan nan soka tsinken sakace a na tsakiyar tire, ba na gefe ba. Ya fito a bushe, danna saman da yatsa ya dawo, to ya nuna. Mai gasawa a tukunya da yashi ya tuna cewa wutar ƙasa ce ke ƙona gindi ta bar ciki ɗanye: yashi kaurin yatsa uku, a ɗora tiren a kan duwatsu ko gwangwani, garwashin kan murfi ya fi na ƙasa yawa. Wata rana in aiki ya kai ka Ngawundare, garin na kan tudu sama da mita 1,000, ƙullu ya fi saurin tashi a can, sai ka ɗan rage garin tashi.

Takardar da ta saki kuma tururi ne. Minti 5 bayan fitowa ka cire su daga tire, ka jera a kan raga ko rariya inda iska za ta bi ta ƙasa. Kada su ga leda ko kwali sai sun huce sarai, awa guda aƙalla. Firji ma maƙiyi ne a nan: ka fito da gato mai sanyi cikin iskar digiri 40, nan take ya yi gumi, takarda ta jiƙe.

Kirim na bota ka manta da shi har sanyin hunturu ya dawo. Ka tankaɗe garin sukari mai laushi giram 200, ka kwaɓa da ruwan lemon tsami cokali biyu zuwa uku, kaurinsa ya zama kamar na zuma. Rabin cokali a kan kowanne, cikin awa ɗaya ya bushe ya yi ɓawo, rana ba ta narkar da shi. In ana son launi, jiƙa zoɓo da kauri ka sa a madadin lemon, zai ba ka ja mai kyau ba tare da ka sayi kala ba.

Lagdo ta fi kilomita 50 daga Garwa. Ka samo kwali mai faɗi, ka yanka wani kwalin da ramuka daidai gindin takarda ka shimfiɗa ciki, kowanne ya zauna a raminsa. Hawa ɗaya, ba a ɗora wani kan wani. Ka huda gefen kwalin, kuma ka gaya musu a riƙe shi a cinya cikin mota, kada ya shiga but. In da mai babur za ka kai tasha, ka biya shi ya tafi a hankali, ka zauna bayansa da kwalin a hannu.

Na masu shara su za ka fara warewa, daga tiren da ya fi kyau. Akwai ɗabi'ar nan ta tura wa wanda ba zai yi ƙorafi ba masu ƙonannen gindi, kada ta kama ka. Mutanen nan tun duhun asuba suke kasuwa, kafin masu rumfa su buɗe sun kusa gamawa, don haka nasu da sassafe za a kai, in ba haka ba a tarar sun watse. Hannunsu da ƙura, wurin wankewa kuma ba lallai ne yana kusa ba, saboda haka kowanne ka naɗe shi shi kaɗai a takarda ko ƙaramar leda, yadda mutum zai ci ba tare da ya taɓa ba, ko ya sa a aljihu ya kai wa yara. Kada ka sa musu sukarin ado, yana manne wa leda. Barbaɗa dakakkiyar gyaɗa soyayya ko riɗi a saman ƙullun kafin ya shiga wuta, zai fito da shi a jiki.

Ragowar 12 ɗin nan, biyu na yaron da ke wanke maka tire ne. Ka duba aikinsa daren Juma'a, domin tsohon maiƙon da ya daskare a ramukan tire shi ke baƙanta gindin takarda. Ruwan zafi da sabulu, a goge, a kife su bushe kafin asuba.