Likita, da gaske kumburin jiki yana hana mutum mallakar kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 43, na ajiye tumbi, sugana kuma ya fara hawa. Kullum sai na yi alkawarin barin lemon kwalba da cin dare, amma da an sallame isha sai na karya. Wani ya ce min kumburi ne a jikina. Ni kuwa ban ga inda na kumbura ba. Daga wani ɗan kasuwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mutumin bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka.

Kumburin da ka sani shi ne na ƙaya: ta soke ka, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, bayan kwana uku ya sace. Wannan garkuwar jiki ce a bakin aiki. Akwai wani kuma da ido ba ya gani, yana ci kamar garwashi a ƙarƙashin toka shekara da shekaru. Sinadaran da ake kira saitokin, irin su IL-6 da TNF, su ne ke rura shi. Kitsen tumbi yana fitar da su. Taba, ƙarancin barci da dasashi mai zubar jini suna ƙara su.

Ka tuna ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai. Yaron shago ya kawo littafin lissafi, ka ce ya ajiye sai gobe. Ba lalaci ba ne. Saitokin ne suka aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, suka rage aikin dopamin, sinadarin da ke sa mutum ya jure wahalar yau don ribar gobe. Mun gani ƙarara lokacin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar intaferon, wanda shi ma saitokin ne: kusan ɗaya cikin uku ciwon damuwa yake kama su. Idan kumburin kaɗan ne amma bai mutu ba, abin da ke kusa, mai zaƙi, shi yakan fi jan hankali.

Ga rabin da ba a faɗa maka ba. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi yara fiye da dubu da aka haifa a 1972 da 1973. Waɗanda ba su iya danne zuciya tun suna ƙanana, da suka kai shekara 32 sun fi sauran matsalolin lafiya, har da alamar kumburi a jini. Ke nan kumburi da rashin danne zuciya kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, don haka ban yarda a ɗora wa kumburi laifin duka ba.

Kana iya neman gwajin hs-CRP, gwajin jini mai auna kumburi. Sama da miligiram 3 a lita yana nuna ƙarin haɗarin ciwon zuciya. Idan ya haura 10, galibi wata cuta ce ke jikinka a lokacin, sai a maimaita bayan mako biyu. Don Allah kada ka je kemis ka sayi diclofenac ko ibuprofen da sunan kashe kumburi. Gyambon ciki da ciwon ƙoda za ka saya, musamman da sugan nan.

Da barci nake so ka fara, awa bakwai. Sai tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako. Lemon kuwa, kada ka jira dare ka yi kokawa da shi. Ka hana shi shiga firjin gidan tun da rana. A duba maka haƙora, ka kuma kawo min sakamakon sugan bayan wata uku.